Sayayya a jami'o'inmu: a miƙa alƙalami ga mai aiki da kayan

Duk lokacin da aka taso da zancen kwangila a jami'o'in Nijar, hankalin jama'a kan tafi wuri guda, wato ranar buɗe ambulan na tayin ƴan kwangila. Wa ya ci, nawa ya ce, ɗan wa ne, wa ya tsaya masa. Tambayoyin suna kan hanya, amma wannan rana ta fi kowace samun masu sa ido. Kwamiti na zaune, wakilan ƴan kwangila na zaune, ana karanta farashi da babbar murya, ana rubuta rahoto. Wanda bai gamsu ba yana da inda zai kai kuka, kwamitin warware rigingimu na hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati, ARMP, wadda yanzu ta koma ARCOP. Asarar da ta fi cin jami'a tana faruwa ne a wurare biyu da ba kowa ke leƙawa ba: teburin da aka rubuta irin kayan da ake so, da bakin mangazar da aka sauke su. A wuraren nan biyu, mutumin da zai yi aiki da kayan, mai kula da labo (ɗakin gwaje-gwaje) ne, shugaban masu girki ne, ko mai gyaran kwamfuta, galibi ba ya nan. Ra'ayina shi ne a dawo da shi, kuma a ba wa sa hannunsa nauyi.

Maganar ta ƙara girma ne saboda jami'o'in sun yawaita. Shekaru kusan arba'in Nijar tana da jami'ar gwamnati guda, ta Yamai, wadda ta soma a 1971 kuma aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. A 2010 aka kafa ta Maraɗi, ta Damagaram da tamu ta nan Tawa, mai ɗauke da sunan Djibo Hamani a yau. A 2014 aka ƙara Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Kowacce tana sayen benci, takarda, kwamfuta da man injin wuta, kuma cibiyoyin kula da rayuwar ɗalibai, CROU, suna sayen shinkafa, mai, katifa da tayoyin bas. Dokar sayayyar guda ce ga kowa, ta samo tushe daga ƙa'idojin da ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta fitar a Disamban 2005. Sai dai doka tana faɗin yadda za a saya ne kawai. Abin da za a saya, jami'a ce ke rubuta shi.

Mu ɗauki kwamfuta. Sashe ya aika takarda yana neman guda 40 don ɗakin koyarwa. Takardar ta isa ofishin kuɗi, ma'aikacin ya buɗo ta bara ko ta bara waccan, ya kwafe siffofin, ya canza adadi. Abin da ke fita a takardun neman tayi shi ne wani abu kamar "kwamfutar tebur mai inganci, da allo da madannai". Da irin wannan rubutu, ɗan kwangila bai karya doka ba in ya kawo tsohuwar na'ura da aka wanke aka sa a sabon kwali. Mai gyaran kwamfuta da aka tambaya zai rubuta daban. Zai faɗi zamanin ƙwaƙwalwar na'urar, ya ce RAM, wato wurin riƙe aikin da ake cikin yi, kada ta gaza giga 8, ma'ajiya ta zama irin mai sauri da ake kira SSD, mai giga 256 ko fiye. Zai ce madannai su zama AZERTY, wato tsarin Faransanci, domin kayan da ke biyowa ta Dubai ko ta Najeriya da QWERTY, tsarin Ingilishi, suke zuwa, kuma ɗalibin da ke rubuta Faransanci zai sha wahalar neman wasulla masu alama. Zai ce filogi ya zama mai ƙafa biyu zagayayyu irin na bangonmu, ba mai ƙafa uku ba. Zai ce a kawo lambar kowace na'ura a rubuce, da garanti na shekara guda aƙalla, da lasisin manhaja na gaskiya. Doka ta hana a ambaci sunan kamfani sai an ƙara da cewa "ko makamancinsa", kuma haka ya dace, amma ba ta hana a tsananta siffa ba. Tun ran gini ran zane: abin da ba a rubuta a wannan takarda ba, babu hujjar nemansa ranar karɓa.

Zafin ƙasarmu ma siffa ce da ya kamata ta shiga takarda. Na'urorin sanyaya ɗaki aji-aji ne. Ajin T1 an gina shi ya yi aiki har zuwa digiri 43 a waje, ajin T3 har zuwa 52. A watan Afrilu da Mayu, a Tawa ko Yamai, bangon da rana ke duka ya wuce ƙarfin T1, sai injin ya riƙa yankewa daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, daga baya ya ƙone. Harafi ɗaya da lamba ɗaya ne a takarda, amma su ke raba kilim ɗin da zai yi shekaru da wanda zai mutu a bazara ta biyu. Haka batirin ondilar, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke: an auna rayuwarsa a digiri 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana rage ta da rabi. Wanda ya sayi ondilar 40 bai tanadi kuɗin sauya batir ba, ya sayi aikin shekara guda ko biyu ne. Injin wuta kuwa ƙarfinsa na raguwa a zafi, yana son canjin mai kusan kowace awa 250 ta aiki, kuma ƙurar hunturu tana toshe matatar iskarsa da wuri. In kwangilar ba ta haɗa da matatai na shekara guda da sunan wanda zai riƙa duba shi ba, ranar da ya tsaya sai a jira makaniki daga Yamai, tafiyar kilomita 550 ko kusa da haka.

A labo abin ya fi tsanani, domin na'ura ba ta aiki ita kaɗai. Madubin duba ƙwayoyin cuta yana buƙatar mai na musamman kafin a yi amfani da gilashinsa mai ninki 100. Sikelin awo mai laushi yana buƙatar tebur da ba ya girgiza da duwatsun gwaji. Na'urori da dama ba sa shan ruwan famfo sai tatacce. Wasu sinadarai sai an riƙe su tsakanin digiri 2 da 8, wasu a 20 ƙasa da sifili, tun daga jirgi har firijin jami'a, kuma kwana guda a rumfar kwastan ya isa ya kashe su ba tare da kwalbar ta canza kama ba. Saboda haka sayen na'ura tilas ya zo da abubuwa huɗu a kwangila guda: girkawa, horar da mutum biyu aƙalla, kayan aikin da ke ƙarewa na shekara guda, da sharaɗin cewa sinadari kada ya iso sai da saura kashi biyu cikin uku na wa'adinsa. Na ce mutum biyu domin in ɗaya ne, ranar da ya tafi ƙaro karatu na'urar ta shiga hutu. Da yawa daga cikin akwatunan da ake gani jibge a kusurwar ɗakunan gwaji ba lalatattu ba ne. Wani abu ƙarami ne ya ɓace a takarda, waya, ko soket mai layi uku, ko littafin bayani da Faransanci.

Sai batun lokaci. Jami'a tana rayuwa da kalanda uku da ba sa haɗuwa. Kasafin kuɗin ƙasa daga Janairu ne zuwa Disamba. Shekarar karatu a ƙa'ida Oktoba take somawa. Kasuwar hatsi kuma tana bin damina da kaka. Kwangilar da aka buɗe wa kowa tana son a shirya takardu, mai binciken kwangiloli ya duba, a buga sanarwa a jarida irin su Le Sahel, a ba ƴan kasuwa kwana 30 in ta cikin gida ce ko 45 in ta ƙasa da ƙasa ce, a tantance, a jira wa'adin ƙorafi, a sa hannu, a amince, a yi rajista a ofishin haraji, sannan a ba da umarnin soma aiki. Bayan haka ne ɗan kwangila zai yi odar kaya. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo da tsada. In aka haɗa lissafi, bencin da ake so a zauna a kai a Oktoba sai an fitar da sanarwarsa a Maris ko Afrilu. Dokar ta tanadi tsarin sayayya na shekara, wanda ake bugawa tun farko domin wannan. Amma tsarin ba ya yin kyau sai sassa sun kawo buƙatunsu tun Satumba ko Oktoban shekarar da ta gabata, da adadi da siffa, ba jerin buri ba.

Inda aka makara, daga nan ake shiga gaggawa, kuma gaggawa ita ce ƙofar yarjejeniya kai tsaye da ɗan kasuwa guda. Doka ta yarda da ita a yanayi ƙalilan, kamar bala'in da ba a zata ba, ko kayan da mutum guda ne kaɗai ke da haƙƙin sayar da su. Dawowar ɗalibai ba bala'i ba ne, kowa ya san ranarta. Ɗaya ƙofar ita ce daddatsa saye: maimakon kwangila guda ta takardar shekara, sai a yi ƙananan oda goma, kowacce ƙasa da iyakar da ke tilasta gasa. Wannan haramun ne a doka. Haka takardun farashi uku da ake nema a ƙaramin saye, waɗanda sau da yawa daga aljihu guda suke fitowa da hatimi daban-daban. Gane su ba wuya: a duba lambar haraji ta NIF da rajistar kasuwanci, a duba lambar waya, a kuma duba kuskuren rubutu, domin kuskure guda kan bayyana a duka ukun.

Abincin ɗalibai shi ya fi cancantar a zauna a yi masa lissafi, domin shi ne ake saye kullum, kuma shi ne in ya yanke ake jin ƙararsa har kan titi. Farashin hatsi ya fi sauka bayan girbi, daga Oktoba zuwa Disamba, ya fi hawa daga Yuni zuwa Agusta. Hukumar SIMA tana bin farashin kasuwanni tana bugawa, don haka babu dalilin da kwamiti zai ce bai san kuɗin buhu ba. Wake, gero da masara kaya ne da ake iya saye da kaka a adana, in akwai mangaza mai kyau: buhuna a kan katako ba a ƙasa ba, rabin mita tsakaninsu da bango, wanda ya fara shiga shi zai fara fita. Albasa kuwa muna zaune a jihar da ke noma ta Galmi, abin kunya ne a saye ta hannu na uku. Doka ta ba da damar a raba babbar kwangila kashi-kashi a cikin sanarwa guda, hatsi daban, mai da tumatirin gwangwani daban, nama daban, kayan miya daban. Wannan ba daddatsawa ba ne, tunda duka a fili ake yi kuma a gasa guda. Amfaninsa shi ne ƙungiyar manoma ko mahautan gari su iya shiga, maimakon Alhaji guda ya ci duka sannan ya koma ya saya a wurinsu.

Ga misali da lissafi, ba na wata jami'a takamaimai ba. Mu ce ɗalibai 3,000 ke cin abincin rana, kowanne giram 150 na ɗanyar shinkafa. Kilo 450 ke nan a yini, buhu 9 mai kilo 50, buhu 270 a wata. In kowane buhu ya rasa kilo 2, an yi asarar kilo 540 a wata, fiye da abincin yini guda na ɗaliban duka. Ido ba ya ganin kilo 2 a buhu. Sikeli ne ke gani, kuma kuɗin sikeli bai wuce na buhunan shinkafa kaɗan ba.

Wannan ya kawo mu bakin mangaza. Yadda aka saba, mota ta iso da yamma, direba na sauri, an kira kwamitin karɓa, an ƙirga kwalaye, an sa hannu. Wani lokaci takardar ce ke zagayawa ofis-ofis daga baya, ana cewa "Malam, sa hannu kawai, an riga an duba." Daga lokacin da aka sa hannun nan, kayan sun zama na jami'a da duk aibinsu. Karɓa ta gaskiya aiki ne na yini guda ko biyu, kuma ana yin ta da kwangilar a hannu, layi bayan layi. Shinkafa: a zaɓi buhu ɗaya cikin goma daga tsakiyar mota, ba waɗanda ke bakin ƙofa ba, a auna, a soka a ciro samfuri, a duba ƙwari, a gwada danshi kada ya wuce kashi 14 cikin ɗari, a kwatanta yawan karyayya da abin da aka rubuta, domin mai kashi 5 da mai kashi 25 ba kuɗinsu ɗaya ba. Mai: a ɗora bidon a sikeli, lita guda tana da nauyin kusan giram 910 zuwa 920, a duba ranar ƙarewa. Takarda: a buɗe ƙunshi, a tabbata 500 ne kuma mai giram 80. Benci: a auna kaurin ƙarfen da ma'auni, domin fenti yana ɓoye bambancin milimita 1.5 da 0.8, a juya shi a duba walda, a duba ko katakon ya bushe. Kwamfuta: a kunna kowacce, ba uku daga cikin arba'in ba, a kwatanta lambar jikinta da ta kwali da ta takarda, a shigar da lambar a shafin kamfanin a ga ranar da garanti ya soma, a karanta awannin da ma'ajiyar ta riga ta yi aiki. Sabuwar na'ura ba ta zuwa da awa dubu.

Akwai makamai a doka da ba a cika amfani da su ba. Ana iya karɓa da sharaɗi, a rubuta aibin, a ba da wa'adin gyara. Ana iya riƙe har kashi 5 cikin ɗari na kuɗin zuwa ƙarshen garanti, a saki bayan karɓa ta ƙarshe. Ana iya cire tarar jinkiri kwana-kwana. Ana iya neman samfuri tun lokacin tayi, benci guda, katifa guda, a rufe shi da hatimi a ajiye, ranar karɓa a fito da shi a jera. Kuma tun a tantancewa, kwamiti yana da ikon tambayar wanda farashinsa ya faɗi ƙasa fiye da hankali ya yi bayani a rubuce, in bai gamsar ba a ajiye tayinsa. Ƙa'idar ba ta ce a ɗauki mafi araha kawai ba, ta ce mafi araha a cikin waɗanda suka cika siffa. Araha ba ta ado. Firintar da ta fi sauƙin kuɗi sau da yawa ita ce mai tawada mafi tsada, don haka abin kwatantawa shi ne kuɗin na'ura haɗe da na buga shafi, a ce, dubu 50.

Adalci ne a faɗi ɓangaren ɗan kwangila, domin ba duk laifin ke kansa ba. Ƙa'idar UEMOA ta ce a biya cikin kwana 60, in an wuce a biya ruwan jinkiri. Jami'a kuwa kuɗinta mafi yawa tallafi ne daga baitulmali, yana zuwa kashi-kashi, kuma albashi ke fara ci. Mu ce mutum ya kawo kayan miliyan 50 na sefa da bashin banki mai ruwa kashi 12 a shekara, aka riƙe kuɗinsa wata 10. Miliyan 5 sun tafi, ga harajin TVA na kashi 19 da kuɗin rajista da ke wuyansa. Ɗan kasuwa ba ya yin wannan asara sau biyu. Karo na gaba ko ya ɗora ta a farashi tun farko, ko ya rage ta a kaurin ƙarfe da nauyin buhu, ko ya daina zuwa. Masu gaskiya su ne ke fara daina zuwa, a bar fili ga waɗanda suka san ƙofar da ake bi a fito da kuɗi. Jami'ar da ake bi bashi kuma ba ta da bakin mayar da kaya: ta yaya za ka ƙi shinkafar mutumin da kake riƙe da kuɗinsa na bara, alhali tukunya na jira? Shi ya sa nake ganin kada a fitar da sanarwa sai kuɗin na nan, kuma a liƙa jerin basussuka a allo bisa ranar da kowace takarda ta shigo, a biya bi da bi.

Za a ce ma'aikacin labo ko mai girki shi ma mutum ne, ana iya saye shi, kuma yana iya rubuta siffar da ta dace da kayan abokinsa kaɗai. Gaskiya ne. Maganinsa a raba hannu: wanda ya rubuta siffa, wani masani daga wani sashe ko wata jami'a ya duba ta, kuma kada ya zauna a kwamitin da ke zaɓen wanda ya ci. Jami'o'i takwas suna iya tara siffofin kayan da kowa ke saye, benci, katifa, kwamfuta, takarda, a kundi guda da ake sabuntawa duk shekara, har ma su yi odar wasu tare don farashi ya sauka. Za a kuma ce wannan zai jawo jinkiri. Yini biyu na gwaji ne a gefe guda, a ɗaya gefen ɗakin kwamfuta da rabinsa ya mutu kafin jarrabawa.

Abin da ya fi wuya shi ne kare ƙaramin ma'aikaci. Mai kula da mangaza ko mai gyaran na'ura yana ƙasa da duk wanda ke cikin kwamiti, kuma ɗan kwangila na iya zama mutumin da ake tashi tsaye in ya shigo. In ba a rubuta a dokar cikin gida ta jami'a cewa ba a biyan kuɗi sai da sa hannunsa ba, kasancewarsa a wurin ado ne kawai. Majalisar jami'a tana iya yin wannan ba tare da jiran sabuwar doka daga Yamai ba. Takardar karɓa ta samu gurbi na musamman ga mai amfani da kayan, inda zai rubuta abin da ya gwada da abin da ya gani. In ya ƙi sa hannu, ya rubuta dalili, kwafi guda ya tafi wurin shugaban jami'a, guda wurin mai binciken kwangiloli, kuma kada a canza masa wurin aiki a cikin shekarar sai da bayani a gaban majalisa. A resto, ɗakin cin abincin ɗalibai, wakilinsu ya tsaya wurin sikeli ya sa hannu a kan nauyin da aka samu. Kowace na'ura da aka karɓa a buga mata lamba, a shigar da ita rajista da ɗakin da take, sunan mai kula da ita, ranar ƙarewar garanti da lambar wayar wanda ya kawo ta. Wata guda kafin garantin ya ƙare a sake zagayawa a kunna su duka, kafin a saki kashi 5 ɗin da aka riƙe.